Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Auna Kai da Zaɓen Makaranta Kafin Neman Digiri na Biyu a Fannin Kasuwanci

Gabatarwa

Daga watan Satumba zuwa na Janairu a kowace shekara, akwai wani baƙo da malaman jami'a suka saba gani a ƙofar ofis, ko su tarar da saƙonsa a waya. Tsohon ɗalibi ne da ya kammala karatu shekara biyu ko uku da suka shuɗe, ya yi hidimar ƙasa, ya ɗan taɓa aikin banki ko na wata ƙungiya mai zaman kanta, yanzu kuma yana roƙon a rubuta masa wasiƙar shaida domin neman gurbin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA. Yakan zo da sunayen makarantu biyar ko shida a rubuce, dukkansu daga sahun gaba na jerin da jaridun Turai da Amurka ke fitarwa. In aka tambaye shi dalilin zaɓensu, sai ya ce su ne suka fi suna. In aka ƙara tambayarsa aikin da yake son kamawa bayan ya gama, a wane gari, kuma da wane kuɗi zai biya karatun, sai magana ta fara sarƙewa.

Wannan maƙala na da ra'ayin cewa da yawa daga cikin masu neman wannan digiri suna fara lissafinsu ne daga wutsiya. Sukan zaɓi makaranta tukuna, sannan su koma neman dalilin zuwa. Auna kai kuwa ba a yin sa sai bayan wasiƙar ban-haƙuri ta iso, ko bayan an sayar da filin gado an biya kafin alƙalami. Abin da ya dace shi ne mutum ya fara tantance manufarsa, ya auna gogewarsa da ƙarfin karatunsa da aljihunsa, sannan ya nemi makarantar da ta yi daidai da abin da awon ya nuna. Batun ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye, domin wannan digiri ba ya sharɗanta cewa sai wanda ya karanta kasuwanci a digirin farko, saboda haka ɗaliban harshe da adabi da al'ada suna cikin masu nemansa, kuma malamansu ne ake fara zuwa wa neman shawara.

Abin da Aka Gina Digirin a Kansa

A Amurka aka haifi wannan digiri. Makarantar Tuck ta Kwalejin Dartmouth, wadda aka kafa a 1900, ita ce ta fara bayar da digiri na biyu a fannin kasuwanci, sannan Jami'ar Harvard ta buɗe tata makarantar a 1908 da sunan MBA da ake amfani da shi har yau. Turai ta biyo sawu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An kafa INSEAD a garin Fontainebleau na Faransa a 1957 da tsarin karatun shekara guda, sai Makarantar Kasuwanci ta Landan a 1964. A Nijeriya, jami'o'in gwamnati irin su Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna bayar da shi, an kafa Makarantar Kasuwanci ta Legas a 1991, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da Makarantar Kasuwanci ta Dangote.

Abin da ya bambanta wannan karatu da digiri na biyu irin na bincike, wanda malaman sashen harsuna suka saba da shi, shi ne salon koyarwarsa. A makarantun da suka bi tafarkin Harvard, malami ba ya tsayawa ya karanto darasi ɗalibai suna rubutawa. Ana ba su labarin wata matsala ta gaske da ta taɓa samun wani kamfani, tare da alƙalumanta, su kwana suna nazari. Da safe malami ya nuna wanda ya ga dama, ya ɗora shi a kujerar manajan, ya nemi ya yanke shawara a gaban sauran, su kuma su ƙalubalance shi. A Harvard ɗalibi kan bi ta kan irin waɗannan labarai kimanin 500 cikin shekara biyu, kuma a darussa da dama kusan rabin makinsa daga gudummawarsa a muhawarar aji yake fitowa. Aji irin wannan kasuwa ce, kowa da hajar da ya zo da ita daga wurin aikinsa. Wanda ya zo hannu rabbana zai sha kallo, amma ba zai yi ciniki ba. Wannan ne ya sa matsakaiciyar gogewar aiki ta waɗanda manyan makarantun ke ɗauka take kaiwa kimanin shekara biyar.

Masanin gudanarwa Henry Mintzberg na Jami'ar McGill a Kanada ya yi dogon sharhi kan wannan a littafinsa mai suna Managers Not MBAs na 2004. Hujjarsa a taƙaice ita ce gudanarwa sana'a ce da ake koya da yi, kuma koyar da ita ga wanda bai taɓa riƙe ragamar komai ba yakan haifar da mai yawan yarda da kai da ƙarancin sanin aiki. Bahaushe bai buƙaci a fassara masa wannan ba. A zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, ba a wayi gari an naɗa mutum madugu ba sai ya bi ayari shekara da shekaru, ya san zango da mashaya, ya san inda ake biyan fito da inda ake fargabar 'yan fashi. Har yau a Kantin Kwari da Singa, yaron shago yakan yi shekaru a ƙarƙashin maigida kafin a yaye shi da jari. Digirin da ake magana a kansa an tsara shi ne domin wanda ya riga ya bi ayari, yana son ya zama madugu.

Ma'aunan Shiri

Ma'auni na farko shi ne manufa. Masu neman wannan digiri da dalili tsayayye sukan faɗa cikin ɗaya daga rukuni uku: mai son hawa sama a wurin aikin da yake, mai son sauya fanni gaba ɗaya, kamar malamin sakandare da ke son komawa harkar kuɗi, da kuma mai son kafa kasuwancinsa ko karɓar na gidansu. Kowane rukuni da irin makarantar da ta dace da shi. Akwai rukuni na huɗu da ba a cika faɗa a fili ba, wato mai neman hanyar barin ƙasa, wanda digirin ya zama masa fasfo. Ba aibi ba ne mutum ya nemi rayuwa a wani wuri, amma ya kamata ya faɗa wa kansa gaskiya, domin in fita ce manufar, wannan digiri na cikin hanyoyi mafi tsada, kuma ƙofar da yake buɗewa tana hannun 'yan siyasar wata ƙasa. Gwaji mai sauƙi shi ne mai nema ya iya faɗin sunan muƙamin da yake hari, da kamfanoni uku da ke ɗaukar irin wannan ma'aikaci, da abin da ya rasa yanzu wanda ke hana su ɗaukarsa. In abin da ya rasa ƙwarewar lissafin kuɗi ce kawai, jarrabawar ƙwararru irin ta ICAN ko ACCA ko CFA za ta iya toshe giɓin da kuɗi kaɗan, yana kan aikinsa.

Ma'auni na biyu shi ne gogewa, kuma a nan ake yawan kuskure ta ɓangarori biyu. Wasu sukan ɗauka ƙirga shekaru ake yi, alhali makarantun suna duba abin da ya sauya ne saboda kasancewar mutum a wurin: mutum nawa ya jagoranta, wace shawara ya yanke, me ya lalace a hannunsa kuma yaya ya gyara. Shekara bakwai a kan tebur ɗaya ana buga hatimi ɗaya ba ta kai shekara uku na ɗaukar nauyi ba. Wasu kuma, musamman 'ya'yan 'yan kasuwa, sukan raina abin da suke da shi domin babu takardar ɗaukar aiki a kansa. Matashin da ya yi shekara biyar yana sayen riɗi a ƙauyuka yana kai wa Dawanau, yana ba manoma bashin taki, yana jure tashi da faɗuwar farashi, ya san abubuwan da abokin karatunsa daga bankin Landan bai taɓa gani ba. Matsalarsa ita ce hujja. Yana buƙatar rajistar kasuwanci, bayanan asusun banki, littafin shige da fice, da wani babba da zai shaide shi. Wanda yake tunanin neman gurbi nan da shekara biyu, yau ya kamata ya fara ajiye waɗannan, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuwa bai da gogewar ko kaɗan, akwai digiri na biyu a fannin gudanarwa da makarantun Turai suka tsara musamman domin sababbin masu digiri, kuma ya fi dacewa da shi.

Ma'auni na uku shi ne ƙarfin karatu, wato lissafi da harshe. Jarrabawar GMAT, wadda aka fara yi a 1954, ta sauya fasali a watan Nuwamban 2023. Yanzu sassa uku gare ta, na lissafi da na fahimtar rubutu da na nazarin bayanai, kowanne minti 45, makinta kuma daga 205 zuwa 805. Sakamakonta yana aiki har shekara biyar. Yawancin makarantu suna karɓar GRE a madadinta, ita ma an gajarta ta a Satumban 2023 zuwa ƙasa da awa biyu. Ɗalibin Hausa da ya rabu da lissafi tun sakandare bai kamata ya karaya ba, domin lissafin da ake tambaya bai wuce na sakandaren ba, sai dai ana nemansa da sauri da dabara. Haka kuma bai kamata ya yaudari kansa ba. Masu shirya jarrabawar suna bayar da gwaji kyauta a shafinsu na intanet. Ya zauna ya yi shi da agogo a gefe tun kafin ya rubuta sunan kowace makaranta, sannan ya kwatanta makinsa da wanda makarantun ke wallafawa na ɗalibansu. Ƙaramar tazara aikin wata uku zuwa shida ce. Babbar tazara kuwa tana nuna cewa ko dai a jinkirta shekara guda, ko a sauya jerin makarantun. Dangane da Ingilishi, cin jarrabawar IELTS abu ne daban da iya kutsawa cikin muhawarar mutum casa'in da ke magana da sauri. Wanda ya taso cikin tarbiyyar kawaici da rashin katse na gaba zai buƙaci ya horar da kansa, domin a wancan ajin shiru ba ya samun maki. A gefe guda kuma, horon da ɗalibin adabi ya samu wajen tarke da bin diddigin ma'ana da gina hujja jari ne babba a sashen fahimtar rubutu da kuma wajen rubuta bayanin kai.

Ma'auni na huɗu, wanda ya fi kowanne kayar da mutane, shi ne kuɗi da iyali. Shekara biyu a manyan makarantun Amurka, in aka haɗa kuɗin makaranta da masauki da ci da inshorar lafiya, sukan haura dala 200,000. A farashin naira 1,500 kan kowace dala, wannan naira miliyan 300 ke nan. Mai albashin naira miliyan ɗaya a wata sai ya tara albashinsa na shekara 25 ba tare da ya taɓa ko kwabo ba kafin ya haɗa su. A kan wannan kuma sai a ɗora albashin da zai bari na tsawon karatun. Akwai darasi a abin da ya faru a 2023: kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a watan Yuni, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi lissafinsa da tsohon farashi ya tarar da kuɗin makarantarsa ya ninka fiye da sau uku yana tsakiyar karatu. Akwai kamfanonin ƙetare da ke ba ɗalibai bashi ba tare da jingina ba, amma da dala ake biya, kuma da ruwa. Ga Musulmin da ke ƙyamar riba, wannan tambaya ce da ya kamata ya warware da malamansa kafin ya cike takarda, domin bayan gurbi ya fito zuciya takan fi saurin neman uzuri. Tallafin karatu ma yana da sharuɗɗa. Na Chevening na gwamnatin Birtaniya, alal misali, yana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu, kuma yana da iyakar abin da yake biya na kuɗin MBA, ragowar yana wuyan ɗalibi. Sannan daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana ɗaliban digiri na biyu irin na darasi tafiya da iyalansu. Magidanci mai mata da 'ya'ya, ko matar aure mai goyo, dole wannan ya shiga lissafinsu tun daga farko.

Zaɓen Makaranta

Bayan an gama awo, tambaya ta farko game da kowace makaranta ita ce wa ya tantance ta. A Nijeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke da wannan hurumi, kuma takan fitar da sunayen haramtattun jami'o'i. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, irin su Nijar da Kamaru da Chadi, amincewar majalisar CAMES ce ke sa kwali ya yi aiki a ƙetaren iyaka, kuma cibiyar CESAG ta Dakar, da ke ƙarƙashin babban bankin yankin sefa na Afirka ta Yamma, zaɓi ne da ɗan Maraɗi ko Damagaram zai duba kafin ya hangi Faransa. A matakin duniya kuwa hukumomi uku ne aka fi yarda da su: AACSB ta Amurka da aka kafa a 1916, AMBA ta Birtaniya ta 1967, da tsarin EQUIS na Turai da aka fara a 1997. Makarantun kasuwanci na Jami'ar Cape Town da ta Stellenbosch a Afirka ta Kudu, da na Jami'ar Amurka ta Alƙahira, sun haɗa amincewar ukun duka, Makarantar Kasuwanci ta Legas kuma tana da ta AACSB da AMBA. Muhimmancin wannan ya fito fili a ƙarshen 2023, lokacin da wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo kwalin digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo a Janairun 2024. Waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah a can ma abin ya shafe su.

Tambaya ta biyu ta shafi jerin martaba da jaridu ke fitarwa, wanda masu nema ke riƙewa kamar yankan wuƙa. Jerin jaridar Financial Times, da aka fara a 1999, ya fi ba albashin tsofaffin ɗalibai shekara uku bayan kammalawa nauyi, da kuma yawan ƙaruwarsa a kan na da. Ke nan makarantar da ke tura ɗalibanta bankunan New York da kamfanonin ba da shawara za ta hau sama, ko da ba ta da abin da za ta koya wa mai shirin kafa masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa. Bugu da ƙari, yawancin alƙaluman daga makarantun da tsofaffin ɗalibansu suke fitowa. A 2021 wata kotun tarayya a Amurka ta sami Moshe Porat, tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple, da laifin zamba saboda miƙa bayanan ƙarya ga mujallar U.S. News, waɗanda suka sa shirin makarantar na intanet ya yi shekaru yana zuwa na ɗaya, daga baya kuma, a 2022, aka yanke masa ɗaurin wata 14. Mujallar The Economist ma ta daina fitar da nata jerin a 2022. Jerin martaba yana da amfani wajen raba manyan rukunoni, amma bambancin ta 18 da ta 27 bai kai a sayar da gida a kansa ba.

Abin da ya fi jerin amfani shi ne rahoton ɗaukar aiki da kowace makarantar kirki ke wallafawa, wanda ke nuna kamfanonin da suka ɗauki ɗalibanta, a wane fanni, a wace ƙasa. Ƙarfin makarantar kasuwanci yawanci a kewayenta yake, domin rabin abin da ake saye zumuncin tsofaffin ɗalibai ne. Wanda zai yi rayuwarsa tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, abokan karatu daga bankuna da ma'aikatu da masana'antun waɗannan garuruwa za su fi yi masa rana a kan na wata matsakaiciyar makaranta a wani ƙaramin garin Ingila da ba wanda ya san ta a gida. Mai sha'awar harkar kuɗi ta Musulunci zai fi samun biyan buƙata a cibiyar nazarin bankin Musulunci ta Jami'ar Bayero ko a INCEIF ta Maleshiya. Mai niyyar aiki a ƙetare kuwa sai ya karanta dokar biza kamar yadda zai karanta manhajar karatu. Birtaniya ta buɗe bizar aikin shekara biyu bayan karatu a Yulin 2021, sannan a Mayun 2025 gwamnatinta ta bayyana aniyar rage ta zuwa wata 18. A Amurka izinin aiki bayan karatu wata 12 ne, da ƙarin wata 24 ga shirye-shiryen da aka sanya a rukunin kimiyya da fasaha, bayan haka sai bizar H-1B, wadda sababbin gurabenta 85,000 ne a shekara, masu nema kuwa sun ninka haka.

Tsarin karatun ma zaɓi ne. Na shekara biyu yana ba da damar aikin gwaji a hutun tsakiya, wanda shi ne gadar mai son sauya fanni. Na shekara ɗaya ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma fi dacewa da mai komawa fanninsa. Na ƙarshen mako, ko na nesa irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa ta intanet, yana barin mutum da albashinsa da iyalinsa, kuma abin da ya koya ranar Asabar yana iya gwada shi ranar Litinin. Daga nan sai a tsara jeri gajere mai hawa uku: ɗaya ko biyu da suka fi ƙarfin mai nema kaɗan, biyu ko uku da yake daidai da ɗalibansu, da aƙalla ɗaya da yake da yaƙinin samu kuma yake iya biya. Kuɗin cike takarda kaɗai a manyan makarantu yakan kai dala 200 zuwa sama, don haka watsa takardu goma asara ce. Yawancinsu suna karɓa ne zagaye-zagaye, na farko a Satumba, na biyu a Janairu, kuma ɗalibin ƙetare mai neman tallafi da biza bai kamata ya jira na uku ba.

Hujjar Masu Cewa Suna Ya Fi Komai

Akwai masu ganin duk wannan tsantseni ragwanci ne. A ganinsu, sunan makaranta shi ne hajar da ake saye, kuma matashin arewa ya riga ya sha jin "ba za ka iya ba", bai kamata a ƙara masa wani ba. Hujjar tana da tushe. Masanin tattalin arziki Michael Spence, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya nuna tun 1973 cewa takardar karatu alama ce da mai ɗaukar aiki ke dogara da ita a inda bai san mai nema ba, kuma babu shakka sunan Harvard ko Stanford ko INSEAD yana buɗe ƙofofi a kowace nahiya. Wanda awonsa ya nuna ya kai, kuskure ne babba ya ƙi nema, musamman da yake waɗannan makarantu su ne suka fi kowa kuɗin tallafi.

Sai dai makarantun da sunansu ke aiki a ko'ina 'yan kaɗan ne. A ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwa masu tsada kusan irin tasu, waɗanda sunansu bai ƙetare lardinsu ba, kuma a nan ne yawancin waɗanda aka ƙi a sama suke faɗawa, domin sun riga sun shelanta wa dangi cewa tafiya za su yi. Auna kai ba ya hana kowa buri. Shi ne ma yake nuna wa mai buri abin da ya rage masa, ko makin jarrabawa ne, ko ƙarin shekara biyu na aiki mai nauyi, ya je ya cika ya dawo da ƙarfinsa.

Amanar da ke Wuyan Malamai

Malamin da aka zo wa neman wasiƙa yana da rawar da ta wuce sa hannu. Manyan makarantun kasuwanci na ƙetare sun fi son shaidar shugaban mai nema a wurin aiki, wanda ya gan shi yana yanke shawara, a kan ta farfesan da ya koyar da shi shekara biyar da suka wuce, duk girman muƙaminsa. Sau da yawa taimako mafi girma shi ne malam ya ce wa ɗalibinsa ba shi ne ya dace ya rubuta ba. Inda kuma ake son shaidar malami, kamar a yawancin jami'o'in gida, al'adar nan ta "je ka rubuto in sa hannu" cin amana ce, kuma makarantun ƙetare sun haramta ta ƙarara. Wasiƙar da ta cika da yabo irin na kirari, ba tare da misali ko ɗaya na abin da ɗalibin ya taɓa yi ba, ba ta da nauyi a wurin masu tantancewa. Sassan jami'a kuma suna da nasu alhakin wajen fitar da cikakken sakamakon karatu a kan kari, domin gurbi yakan kuɓuce saboda takardar da ta yi wata uku a kan tebur.

Kammalawa

Digiri na biyu a fannin kasuwanci jari ne, kuma ya kamata a yi masa irin binciken da ɗan kasuwa ke yi kafin ya zuba kuɗinsa a haja: nawa aka saya, a ina za a sayar, yaushe uwar kuɗi za ta dawo, me zai faru in kasuwa ta juya. Mai neman da ya kasa yi wa karatunsa wannan lissafi ya nuna da kansa cewa bai shirya wa karatun ba tukuna. Sassan nazarin Hausa za su iya taimakawa da abu mai sauƙi, wato zama guda a shekara da tsofaffin ɗalibansu da suka bi wannan hanya, a gida da waje, waɗanda suka ci riba da waɗanda suka yi asara, su faɗa wa na baya abin da suka kashe da abin da suka samu. Malamin da baƙon nan zai ƙwanƙwasa wa ƙofa a Satumba mai zuwa kuwa, kafin ya ɗauki alƙalami, ya tambaye shi aikin da yake hari, da makin da ya samu a gwaji, da inda kuɗin zai fito. In amsoshin sun tsaya, ya rubuta masa da zuciya ɗaya. In ba su tsaya ba, ya ba shi shawarar ya dawo baɗi.